JADAWALIN LISSAFI NA KWAMFUTA: DARASIN FARKO GA MAI KOYO

Gabatarwa

Dattawanmu ba za su manta da ranar 1 ga Janairu, 1973 ba. A ranar ce Nijeriya ta yi ban kwana da fam da sule da sisi da taro, ta karɓi naira da kwabo. Kafin wannan rana, duk wanda zai yi lissafin kuɗi sai ya riƙe a ka cewa kwabo goma sha biyu ne sule ɗaya, sule ashirin kuwa fam guda. Da aka zo da sabon tsari na goma-goma, mutane da yawa sun tsorata, waɗansu har suka ce ba za su taɓa iyawa ba. Amma ba a daɗe ba, tun daga 'yar talla har zuwa babban akawu, kowa ya gane cewa sabon lissafin ya fi tsohon sauƙi nesa ba kusa ba.

Yau ma ga wani sauyi ya iske mu. Lissafin da a dā ake yi cikin babban littafin akawu, da rula da jan biro, ya koma cikin kwamfuta da wayar hannu. A ofisoshin gwamnati da bankuna da makarantu da asibitoci, jerin sunaye da albashi da sakamakon jarrabawa duk da jadawalin lissafi ake shirya su. Ƙungiyar gama kai da ke neman rance akan tambaye ta lissafinta a tsare. Matashi mai neman aikin ofis kuwa, da wuya a gama yi masa tambayoyi ba a ce masa, "Ka iya Excel?" ba.

An shirya wannan darasi ne domin wanda bai taɓa buɗe irin wannan manhaja ba: ɗan kasuwa, da malamin makaranta, da ma'ajin ƙungiya, da uwar adashe, da ɗalibi. Ba a bukatar zurfin ilimin lissafi ko na Turanci. Wanda ya iya tarawa da ɗebewa, ya kuma san haruffan boko, ya isa ya fara. Abin da muke roƙon mai karatu shi ne ya karanta yana gwadawa, gama gani ya kori ji.

1. Mene Ne Jadawalin Lissafi?

Jadawalin lissafi manhaja ce da ke shimfiɗa wa mutum falle mai layuka a tsaye da a kwance, kamar shafin littafin akawu, domin ya zuba sunaye da lambobi. Fifikonsa a kan takarda abu ɗaya ne, amma babba: idan ka nuna masa yadda za a yi lissafi sau ɗaya, shi zai riƙa yi da kansa. In ka canza lamba ɗaya, duk jimlar da ta dogara da ita za ta gyaru nan take, ba gogewa, ba sake tarawa.

Wani ɗalibi ne a makarantar koyon harkokin kasuwanci ta Jami'ar Harvard a Amurka, mai suna Dan Bricklin, ya fara tunanin wannan dabara. Shi da abokinsa Bob Frankston suka ƙirƙiro manhajar VisiCalc, wadda ta fito a 1979 domin kwamfutar Apple II. Sabili da ita 'yan kasuwa da yawa suka sayi kwamfuta karo na farko. A 1983 Lotus 1-2-3 ta fito ta mamaye ofisoshi. Kamfanin Microsoft ya fitar da Excel a 1985, kamfanin Google kuma ya kawo nasa jadawalin mai aiki ta intanet a 2006, wanda aka sani da Google Sheets.

Mai koyo yana da zaɓi. Excel ita ce aka fi samu a ofisoshi, kuma cikakkiyarta ta kwamfuta saye ake yi. LibreOffice Calc kyauta ce, ana sauke ta sau ɗaya a ci gaba da aiki ko babu intanet. Google Sheets ma ba a biyan kome, sai dai tana bukatar mutum ya buɗe asusun Google. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya sa Excel ko Google Sheets a wayarsa ya fara koyo. Kada zaɓin ya ɗaure maka kai, domin duk abin da za mu koyar a nan iri ɗaya ne a cikinsu duka.

2. Sanin Gari Kafin Shiga Kasuwa

Da zarar ka buɗe sabon falle, za ka ga fili cike da ƙananan akwatuna. Abubuwa huɗu ne ya wajaba ka sani.

Na farko, layin tsaye. Waɗannan su ne masu saukowa daga sama zuwa ƙasa, kowanne da harafi a kansa: A, B, C, har zuwa Z, sa'an nan AA, AB, da sauransu.

Na biyu, layin kwance. Su ne masu tafiya daga hagu zuwa dama, kowanne da lamba a gefensa: 1, 2, 3, haka har ƙasa. Kada ka ji tsoron fili zai ƙare maka. Tun daga 2007 falle ɗaya na Excel yana da layukan kwance 1,048,576 da layukan tsaye 16,384.

Na uku, gurbi. Inda layin tsaye ya gamu da layin kwance, akwatin da ke wurin shi muke kira gurbi, kamar gurbin dara. Kowane gurbi yana da suna, watau harafin layinsa na tsaye haɗe da lambar layinsa na kwance. Gurbin da ke layin B, a layi na 3, sunansa B3. Harafi ne kullum a gaba. Wannan suna shi ne adireshin gurbin, kuma a kansa aka gina dukan aikin. Wanda ya gane shi ya ci rabin darasin.

Na huɗu, sandar rubutu. Doguwar taga ce a saman fallen, wadda ke nuna ainihin abin da aka rubuta cikin gurbin da ka zaɓa. Za mu ga amfaninta nan gaba kaɗan.

Idan za ka rubuta abu, sai ka danna gurbin da linzamin kwamfuta, ko ka taɓa shi da yatsa in a waya ne, ka rubuta, sa'an nan ka danna maɓallin Enter. In ka yi kuskure, riƙe maɓallin Ctrl ka danna Z, abin da ka yi na ƙarshe zai warware. Saboda haka babu dalilin fargaba. Kwamfuta ba ta lalacewa don an rubuta lamba ba daidai ba.

3. Abubuwa Uku da Gurbi Yake Ɗauka

Gurbi yana ɗaukar rubutu, kamar suna ko bayani. Yana ɗaukar lamba, kamar kuɗi ko yawan kaya. Yana kuma ɗaukar ƙa'idar lissafi, wadda ma'aikatan ofis ke kira fomula.

Ka lura da wannan alama: rubutu yakan jingina da gefen hagu na gurbi, lamba kuwa da gefen dama. In ka rubuta lamba ka ga ta tsaya a hagu, to, manhajar ta ɗauke ta a matsayin rubutu, kuma ba za ta sa ta cikin tarawa ba. Wannan yakan faru idan mutum ya rubuta "buhu 10" ko "N5000" a gurbi ɗaya, ko ya buga harafin O a maimakon sifiri. Dokar ita ce: lamba ta zauna ita kaɗai a gurbinta. Kalmar "buhu" ko "naira" a kan layi ake rubuta ta, sau ɗaya.

Fomula kuwa kullum da alamar daidai take farawa, watau =. Da ita manhajar ke gane cewa aiki aka ba ta. Alamar tarawa +, ta ɗebewa -, ta ninkawa tauraro *, ta rabawa kuma /. Manhajar tana fara yin ninkawa da rabawa kafin tarawa da ɗebewa, kamar yadda aka koya mana a makaranta. Alal misali, =2+3*4 zai ba da 14, amma =(2+3)*4 zai ba da 20. In kana so a fara da wani sashe, sai ka sa shi cikin baka.

4. Misali: Lissafin Mai Sayen Hatsi

A ce wani ɗan kasuwa ya sayo hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano, yana so ya san abin da ya kashe. Farashin da muka sa a nan na koyo ne kawai. A layi na 1 zai rubuta kawunan bayanai: a A1 "Kaya", a B1 "Buhu", a C1 "Kuɗin buhu ɗaya", a D1 "Jimla". Sa'an nan ya cika layuka biyar kamar haka:

Layi na 2: Masara, 10, 40000
Layi na 3: Gero, 8, 45000
Layi na 4: Dawa, 6, 42000
Layi na 5: Wake, 4, 90000
Layi na 6: Shinkafa, 5, 70000

Yanzu sai ya danna D2 ya rubuta =B2*C2, ya danna Enter. Nan da nan 400000 zai bayyana. A nan ne mai koyo ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Ba mu rubuta =10*40000 ba, ko da yake amsar ɗaya ce. Mun ba manhajar adireshi ne, muka ce mata ta ninka duk abin da ta iske a B2 da duk abin da ta iske a C2. In ka sake danna D2 ka dubi sandar rubutu, fomular za ka gani, alhali kuwa cikin gurbin amsa ce ke zaune.

Ba sai an sake rubuta fomular a sauran layukan ba. A kusurwar ƙasa ta dama ta gurbin D2 akwai wani ɗan ɗigo. Kama shi da linzami ka ja zuwa D6. Manhajar za ta kwafi fomular tana sauya lambar layi da kanta: D3 zai zama =B3*C3, D4 ya zama =B4*C4, haka har ƙarshe. Amsoshin su ne 360000, 252000, 360000 da 350000.

Saura babbar jimla. A A7 rubuta "Duka", a D7 kuma rubuta =SUM(D2:D6). Kalmar SUM tana nufin tarawa, ɗigo biyun da ke tsakiya kuwa suna nufin "daga nan zuwa can". Amsa: 1722000. Haka kuma =SUM(B2:B6) a B7 zai nuna buhu 33.

To, a ce ya duba rasit ya ga ashe masarar naira 43,000 ya saya. Abin da zai yi kawai shi ne ya gyara C2. Kafin ya ɗaga yatsa, D2 ya koma 430000, D7 kuma 1752000. Da a takarda ne, da sai ya goge wuri uku ya sake tarawa. Wannan ne ya sa ake iya yi wa jadawali tambayar "in da". In da farashi ya tashi kaza, nawa zan kashe? In da na rage buhu biyu, nawa zai saura? Ɗan kasuwa yana iya gwada shawara goma kafin ya fitar da kwabo ɗaya daga aljihunsa. Bayan gwajin, mayar da C2 zuwa 40000 domin mu ci gaba.

5. Alamar Dala: Gurbin da Ba Ya Motsi

A ce kuɗin mota da na 'yan dako naira 1,500 ne a kan kowane buhu. Rubuta "Dakon buhu ɗaya" a F1, 1500 kuma a G1. A E1 rubuta "Dako". Mai koyo zai so ya rubuta =B2*G1 a E2, kuma zai sami 15000, wanda daidai ne. Amma da ya ja fomular ƙasa, sai ya ga sifiri a sauran layukan. Dalili shi ne manhajar ta sauya G1 zuwa G2, da G3, da sauransu, waɗanda babu kome cikinsu.

Maganin wannan shi ne a ɗaure gurbin da alamar dala, a rubuta =B2*$G$1. Alamar ba ta da dangantaka da kuɗin Amurka a nan. Turke ce kawai, mai cewa "kada wannan adireshi ya motsa". Yanzu in ka ja, za ka sami 15000, 12000, 9000, 6000 da 7500, jimlarsu 49500. Ranar da kuɗin mota ya tashi, G1 kaɗai za ka taɓa. Duk lambar da ake amfani da ita sau da yawa, kamar kuɗin dako ko kason haraji, a ba ta gurbinta daban, a rubuta sunanta kusa da ita.

Ban da SUM akwai waɗansu kalmomi huɗu da suka ishe mai farawa. AVERAGE tana fitar da matsakaici, MAX mafi girma, MIN mafi ƙanƙanta, COUNT kuwa tana ƙirga gurabe masu lamba. Amma a yi hattara, manhaja ba ta san abin da ke zuciyarka ba. In ka rubuta =AVERAGE(C2:C6) za ka sami 57400, watau matsakaicin farashin kayan nan biyar. Idan kuwa abin da kake nema shi ne nawa kowane buhu ya tsaya maka, to, =D7/B7 za ka rubuta, amsar kuma wajen naira 52,182 ce. Dukansu lissafi ne na gaskiya, sai dai tambayoyinsu daban. Zaɓen tambaya aikinka ne.

6. Adana Aiki

A ƙasarmu wuta tana iya ɗaukewa ba sallama. Tun kafin ka yi nisa, riƙe Ctrl ka danna S, ka ba fayil ɗin suna mai ma'ana, kamar "Hatsi Janairu 2025". Ka riƙa maimaita wannan bayan kowane ɗan lokaci. Google Sheets tana adanawa da kanta muddin akwai intanet. Har ila yau, kada ka bar kwafi ɗaya tak. Ajiye na biyu a filas ko ka aika wa kanka ta imel, domin waya tana ɓata, kwamfuta tana mutuwa. Lissafin ƙungiya kuwa, a riƙa buga shi a takarda duk ƙarshen wata, shugaba da ma'aji su sa hannu. Rigakafi ya fi magani.

7. Ramukan da Masu Koyo Ke Faɗawa

Kuskuren da ke nuna kansa ba shi da haɗari sosai. In ka ga ##### a gurbi, layin ne ya yi ƙunci, sai ka faɗaɗa shi. In ka ga #DIV/0! ka raba lamba da sifiri ko da gurbi marar kome. In ka ga #NAME? ka yi kuskuren rubuta kalmar fomula. Abin tsoro shi ne kuskuren da ke zaune shiru, ya yi kama da gaskiya. Ga guda huɗu.

Sifirin farko. Lambobin wayarmu guda 11 ne, da sifiri suke farawa. Lambar asusun banki guda 10 ce, ita ma tana iya farawa da sifiri. In ka rubuta su kai tsaye, manhajar za ta ɗauke su a matsayin adadi ta jefar da sifirin, domin a lissafi sifirin gaba ba shi da amfani. Sakamakon haka sai kuɗin mutum ya ƙi shiga, ko saƙo ya ƙi zuwa. Kafin ka fara zuba irin waɗannan lambobi, zaɓi layin duka ka mai da shi na rubutu, watau ka zaɓi Text a wurin tsara gurabe. Ko kuwa ka fara buga alamar ' kafin lambar. Haka za ka yi wa lambar NIN da ta BVN. Ka kuma sani Excel ba ta riƙe fiye da alƙaluma 15 na adadi. Abin da ya wuce haka sifiri take mai da shi.

Kwanan wata. Mu a nan 3/4/2025 yana nufin 3 ga Afrilu. A Amurka kuwa 4 ga Maris ke nan, domin su da wata suke farawa. Kwamfuta tana bin tsarin ƙasar da aka saita ta a kai. Gwada da 25/4/2025: in ya jingina hagu, to, tsarin Amurka take bi, sai a gyara saitin kafin a ci gaba.

Jerawa. Manhajar tana iya jera sunaye bisa haruffa, ko kuɗi daga babba zuwa ƙarami. Amma in ka zaɓi layin sunaye kaɗai ka jera, sunayen za su sauya wuri su bar kuɗin a inda yake. Bashin wani sai ya hau kan wani, lambar asusun wannan ta koma gaban sunan wancan, kuma babu alamar da za ta nuna maka. Kullum ka zaɓi jadawalin gaba ɗaya. In manhajar ta tambaye ka ko ta haɗa da sauran layuka, amsa mata da e.

Jimlar da ta bar wani a baya. Idan ka ƙara sabon layi a ƙarshen jeri, wani lokaci fomular SUM ba ta kai gare shi. Duk sa'ad da ka ƙara layi, danna gurbin jimla ka duba daga ina zuwa ina take tarawa.

8. Manya Ma Sun Yi Tuntuɓe

Kada mai karatu ya zaci waɗannan gargaɗi na 'yan koyo ne kaɗai. A 2010 waɗansu shaihunan malaman tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa bincike mai nuna cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara, bunƙasar arzikinta takan faɗi ƙwarai. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi jadawalinsu ya duba, ya iske fomular matsakaici ta bar ƙasashe biyar daga cikin ashirin a waje. Da shi da malamansa suka gyara wannan tare da waɗansu matsaloli na binciken, sai faɗuwar da aka ambata ta zama bunƙasa ta wajen kashi 2.2 cikin ɗari.

A Ingila kuma, lokacin annobar korona, sakamakon gwajin mutane 15,841 da suka kamu da cutar bai shiga lissafin hukuma a kan kari ba, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, 2020. An yi amfani ne da tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layuka 65,536, abin da ya haura sai ya zube ba tare da an lura ba. Wannan ya jawo jinkiri wajen neman mutanen da suka yi cuɗanya da masu cutar.

Darasin a fili yake. Kwamfuta ba ta kuskuren tarawa, amma abin da aka nuna mata shi take tarawa. Saboda haka, duk jadawalin da ka gama, ɗauki layi ɗaya ko biyu ka lissafa da hannu ka gwada. Dubi jimlar ka tambayi kanka ko hankali zai ɗauka. In lissafin na jama'a ne, ba wani ya duba maka, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

9. Amana

Jadawalin da ke ɗauke da sunayen mutane da lambobin wayarsu da na asusunsu amana ce a hannun mai riƙe da shi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa masu tattara irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Kada a tura jerin sunayen mambobi cikin zaurukan WhatsApp barkatai. Kada a bar shi a kwamfutar shagon buga takardu bayan an gama aiki. A sa wa fayil kalmar sirri, a kuma tattara abin da ake bukata kaɗai. 'Yan damfara da irin waɗannan jerin suke fara farauta.

10. Aikin Gwaji

Na ɗaya. Wata ƙungiya tana da mambobi biyar, kowanne ana binsa naira 5,000 a wata. A wannan wata sun biya 5000, 5000, 3000, 5000 da 2000. Rubuta kuɗin wata a gurbi guda ka ɗaure shi da alamar dala. Fitar da abin da ya saura a kan kowa, da jimlar abin da aka karɓa, da jimlar bashi. In ka yi daidai za ka sami 20000 da 5000.

Na biyu. Tun watan Fabrairu na 2020 harajin VAT a Nijeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne. Rubuta 20000 a A1, 7.5% a B1, sa'an nan ka fitar da harajin a C1, da kuɗin kaya haɗe da haraji a D1. Amsa: 1500 da 21500.

Na uku. Ɗauki kuɗin cefanen gidanka na mako guda ka zuba a jadawali, kowace rana da layinta. A ƙarshen mako duba abin da ya fi cin kuɗi.

Kammalawa

Mai karatu, abin da ka koya a nan shi ne tushe: adireshin gurbi, da alamar daidai, da jan fomula, da alamar dala, da duba aiki kafin a miƙa shi. Zane-zanen kwatanci da sauran dabaru masu zurfi duk a kan wannan tushe ake ɗora su, kuma za su zo da sauƙi ga wanda ya riƙe shi da kyau. Ka ware rabin sa'a kowace rana har mako biyu, kana aiki da lissafin gidanka ko na sana'arka. Sannu ba ta hana zuwa.

Rigingimu da yawa da ke raba ƙungiyoyi da abokan ciniki, har da 'yan'uwa na jini, daga lissafin da ba a rubuta ba suke tasowa. Lissafi a tsare, wanda kowa zai iya dubawa ya gane, yana kare dukiya, yana kuma kare mutuncin mai riƙon ta. Idan ka iya, koya wa na kusa da kai, musamman mata da matasa, sa'an nan ka miƙa wannan takarda ga wani. Allah ya sa mu amfana da abin da muka koya.